Gidan Sauron Inna

Inna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Yaya. Mu dai sai godiya, amma na gaji. Damina ta ƙi tafiya, lokacinta ya wuce tuni. Ruwa ya kwanta a bayan shagon ɗinkina har ya yi kore, sauro kuwa ko da rana ba ya ɗaga mana ƙafa. Jikarki, takwararki, ta sake kwanciya da zazzaɓi. Ta tashi, amma duk ta zube, siket ɗin da na ɗinka mata sai da na rage shi.

Zan aiko miki da ita can kan dutse, inda sauro ba ya zuwa. Na sa gidan sauro biyu a jakarta, ɗaya naki ne. Malamar asibiti ta ce yanzu da sanyi ya ragu, sauro ya fara hawa sama. Don Allah ki ɗaura.

'Yarki,
Auta

Auta,

Ina amsa gaisuwa. Yayanki ke rubutawa, ni ke faɗa. Takwarata ta iso, ta ƙwace min tabarma, ta kuma ce na tsufa.

Ki gaida malamar asibitinku, ki ce mata a nan na yi furfura ban taɓa jin kukan sauro ba. Sanyinmu ba sa'ansa ba ne. Gaskiya dai bana barguna na cikin akwati, ban ciro su ba. Nata gidan sauron na ɗaura, ni nake tura gefensa ƙarƙashin katifa da hannuna. Nawa kuwa na rufe irin tumatir da shi, tsuntsaye sun ishe ni. Ki daina damuwa, ki ci abinci.

Allah ya yi miki albarka.
Innarki

Auta,

Bayan gaisuwa, wannan tawa ce, Inna ba ta san na rubuto ba. Jikinta zafi rau, tana rawar ɗari, ta nace wai mura ce. Na kai ta ɗakin shan magani, babu abin gwajin zazzaɓin sauro, don ba su saba ganinsa ba. Sai da muka sauka asibitin gindin dutse aka gano shi ne. Likita ya ce wanda bai taso da ciwon ba, shi ya fi kayarwa. Hankalina bai kwanta ba. Yarinya lafiyarta ƙalau.

Yayanki

Yaya,

Barka da ɗawainiya. Ruwa ya cinye gadar da ke tsakaninmu, motoci ba sa wucewa. Kullum sai na je tasha na dawo. Keken ɗinki ma na kasa takawa. Ka cire gidan sauron nan daga kan tumatir, ko za ta yi faɗa. Ka ce mata ina hanya.

Ƙanwarka

Auta,

Sai haƙuri. Inna ta rasu, mun kai ta. Kada ki jefa kanki cikin ruwa, ki jira gada.

Ta ce a gaya miki ko cizo ɗaya ba ta bari an yi wa takwararta ba. Na duba jikin yarinyar, haka ne.

Na cire gidan sauron, na wanke. Yanzu ki faɗa min inda zan kai yarinyar nan. Babu wani gari sama da namu.

Yayanki