Simintin Bangon Baƙin Rago

Lidcott, 4 ga Mayu, 1987

Zuwa ga ƙanena Hedley,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san ba ni aka bari a makaranta ba.

Ba sulhu nake nema ba. Tsohon masaukinmu, Baƙin Rago, shi ke shirin durƙusawa. Gungumen ƙasa da ke ɗauke da ginshiƙan bangon arewa ya ruɓe, da yatsa ake ɓarzar shi kamar burodi. Gini mai shekara ɗari huɗu, ba ƙusa ko ɗaya sai turakun itace, yau ga shi an tokare da sanduna.

Kwamitin ƙauye sun kawo wata kafinta daga birni, Rhoda. Tana son a cika tsakanin katakan da irin haɗin mutanen da, wato laka da farar ƙasa da gashin saniya. Aka tambaye ni awon, ban sani ba. Kai Baba ya koya wa, ni ɗaukar tsani kawai aka ba ni. Ka rubuto awon.

Na bar ka lafiya.
Yayanka, Alwyn

Hereford, 11 ga Mayu

Yaya,

Na ga wasiƙarka, muna lafiya. Bangon arewa ka ce? Wanda aka cire lakarsa aka ɗura siminti shekara talatin da suka wuce? Na gaya maka a lokacin, katako yana numfashi, siminti kuwa riƙe masa ruwa zai yi. Ka ce in kai karatuna gaba. Na kai.

An ce har yau a Lidcott ni ake cewa na yi aikin na gudu. Wa ya faɗa musu? Amsa min wannan tukuna.

Ka huta lafiya.
Hedley

Lidcott, 17 ga Mayu

Hedley,

Gaisuwa mai yawa. Kwana uku takardar nan tana gabana.

Ba ni na faɗa ba. Amma da dattijo Gwilt ya faɗa a mashaya, ina zaune, na ci gaba da shan abina. Shekara talatin ina shiru.

Yau bayan coci aka taru a kan maganar ginin. Matar Gwilt ta ce, "Kai dai Alwyn, ƙanenka ya cuce mu, ya cuci katako." Na miƙe na ce ni ne. Na ce kai ka hana, na ƙi ji, don in nuna wa Baba ni ma na iya abin zamani. Ta ce, "To tsohon banza, sai yanzu bakinka ya buɗe?" Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi.

Akwai saura, kuma shi ya fi ci na. Ka san al'adarmu, kafinta yakan sa alamarsa a aikinsa. Ni ma na zana tawa a ɗanyen simintin, can ƙasa bayan bututun ruwa. Jibi Rhoda za ta kai wurin da gudumarta. Da ba don haka ba, Hedley, ban sani ba ko da na miƙe. Na so in ɓoye maka wannan, ka ɗauka zuciyata ce ta yi kyau. Na gaji da ɓoyo.

Awon nan, in ba za ka ba ni ba, ka aika wa yarinyar. Ginin bai yi maka komai ba.

Ka gaida matarka Nesta, in za ta amsa.
Alwyn

Hereford, 21 ga Mayu

Yaya,

Awon ba ya rubutuwa, a hannu ake jin shi. Zan zo ranar Asabar da motar safe. Ka jiƙa farar ƙasa tun yau, ka nemo gashin saniya. Kai za ka kwaɓa, ni in duba.

A gidan matar Gwilt zan sauka. Gidanka kuwa sai na ga yadda aikin ya tafi.

Hedley