Ni Na'ibin Liman Ne, Ina Ganin Likitar Damuwa a Ɓoye

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ka taimaka ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, tun shekaranjiya na kasa zama wuri ɗaya.

Ni na'ibin liman ne a wani masallaci a Talata Mafara, ina kuma noman rani a Bakura. Bara da damina ina jan Magariba, ina tsakiyar Fatiha sai ƙirjina ya kama bugawa, numfashi ya tsaya min a wuya, gumi ya jiƙa rigata, na tabbata mutuwa ce ta zo. Da ƙyar na sallame. Daga ranar ko iƙama na ji sai ƙafafuna su hau rawa, na koma fakewa da aikin gona don kada a tura ni gaba. Na yi wa kaina ruƙiyya, na sha rubutu, a asibiti an auna jini da zuciya an ce lafiyata ƙalau.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce ta haɗa ni da wata likitar halayyar ɗan Adam mai zaman kanta a Gusau. Ba allura ba ƙwaya, zama muke mu yi magana, wani lokaci ta waya. Ta ce ciwon firgici ne, yana kama mutane masu cikakken hankali, kuma bai kisa. Ta koya min yadda zan riƙe numfashina idan ya taso, ta sa na koma jan salla a hankali, na fara da iyalina a tsakar gida. Ba ta taɓa cewa in bar addu'a ba. Alhamdulillahi yanzu ina shiga gaba, wata rana yakan taɓa ni amma ba na gudu. Matata da ƙanwata kaɗai suka sani, jama'a sun ɗauka neman taki ke kai ni Gusau.

To shekaranjiya wani dattijo daga Tsibiri, aminin marigayi mahaifina, ya kawo min ɗansa, magidanci mai 'ya'ya, direba ne da ke lodin Maradun zuwa Mafara. Ya ajiye tuƙi saboda abin na kama shi a kan sitiyari da fasinja a mota. Yana bayani ina jin kamar ni yake siffantawa. Baban ya ce aljanu ne, ni suka yarda da ni in fitar. Na yi masa addu'a, sannan na kawo zancen likitar damuwa mai magani ta hanyar zama a yi magana. Baba ya ɓata rai, ya ce ɗansa ba mahaukaci ba ne. Da ya fita alwala, direban ya matso ya ce min, "Malam, kai ba ka san wanga abu ba. Nuna min mutum guda da zance kawai ya warkar, in tafi." Haka na sallame su ban faɗa masa nawa ba.

Matata ta ce kul na faɗa, liman ya tsufa, dattawan masallaci sun fara ambaton sunana, kuma magana ɗaya ta fita za a ce mai taɓin hankali ke jan mutane salla. Ƙanwata kuma ta yi min faɗa, ta ce idan yunwa ta mayar da mutumin nan kan hanya abin ya kama shi da rayukan mutane, me zan ce wa Allah? Na kira likitar, ta ce sirrina nawa ne, ba dole a kaina, amma in duba wanne zan iya ɗauka.

Ranar Talata za su dawo idan sun ci kasuwa. In ja shi gefe in ce ga mutumin a gabanka, alhali ban san riƙon bakinsa ba? Ko in sake tofa masa addu'a in sallame shi, ina sane da inda na samu sauƙi? Ku da kuka taɓa ɓoye irin wannan, me kuka yi?