A Duba Mana Ko Akwai Sauran Iri a Idon Rifkatu

Zuwa ga Babban Likita mai kula da sashen ido na asibitin da muke zuwa,

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, da fatan kai da iyali da ma'aikatanka kuna lafiya. Ka yi haƙuri da maganar tsoho, ba ta da sauri, amma tana isa.

Da daɗewa, ranar wata kasuwa a Agwada, wani direba mai kai doya Abuja ya ba ni labari. Wai a cikin idon mutum akwai iri, kuma wai likitoci kan ɗebi kaɗan daga ido mai lafiya su dasa a wanda ya lalace, ya warke. Ni da na girma a gaban kakata, ina jin ƙamshin tatsuniya tun daga nesa. Na bar shi ya gama, na ce masa ƙurunƙus. Ban san wata rana zan riƙa hawa keke ina bin wannan tatsuniya daga layi zuwa layi ba.

Matata Rifkatu sabulun soda take yi a gidanmu na Jigwada. Tun da gidaje suka cika hanyar Abuja, masu sari har ƙofa suke biyo ta. Wata safiya, ina gona, tana dama soda sai ya fantsama mata a idon hagu. Maƙwabta suka taru, suka yi abin da kowa ya gada a wajenmu, wato suka kawo manja. Yaro ya sha kananzir, manja. Wuta ta ƙone hannu, manja. Aka ɗura mata a ido, aka ɗaure da ƙyalle, ga randa cike da ruwa a gefe babu wanda ya kalle ta. Ba na zarginsu, ƙauna ce ta sa su. Ƙorafina daga ƙofarku ya fara.

Na farko, da aka kawo ta, sai aka ce a je a yanki kati. Ta zauna a benci da soda da manja a ido har layi ya zo kanta. Daga baya wata nas ta ce mana abin da idon yake bukata tun farko shi ne ruwa mai yawa, a yi ta kwarara masa ba tsayawa. To, ranka ya daɗe, buta ɗaya ta fi ƙarfin asibiti ne? Ko sai mai kati ruwa yake wankewa?

Na biyu, baƙin idon ya yi fari, jajayen jijiyoyi suka shigo masa daga gefe kamar yadda ciyawa ke cin gona daga kan iyaka. A garin nan kuwa duk farin ido sunansa yana. Duk lokacin da aka yi shelar aikin ido kyauta, sai a tura mu layin masu yana. Mu yini, a haska mata fitila, a ce ai wannan ba yana ba ce, a ba mu tabarau mu tafi. Yanzu tabaran da ke gidana sun isa a raba wa mawaƙan cocinmu. Ita kuwa ba ta iya buɗe idon a rana, hawaye ba ya tsayawa, ta bar sana'a, ta koma zaman ɗaki da labule a sauke. Mace ce da a da ake jin muryarta daga bakin titi.

Na uku shi ne ya fi ci mini rai. Wata matashiyar likita da ta yi zaman horo a wajenku ta zaunar da mu, ta yi mana bayani da Hausar da muke ji. Ta ce a daidai inda baƙin ido ya haɗu da fari akwai wani siririn zobe, a nan wasu ƙwayoyin halitta suke zaune, su ne iyayen fatar da ke rufe baƙin ido, su ke sabunta ta kullum. Soda ya ƙone su, shi ya sa fatar farin ta tsallako. Ta ce abin yi na farko shi ne a duba ko akwai sauransu a idon hagu. Idan babu, ana iya yankar ɗan mitsitsi daga gefen na dama, a shimfiɗa shi a kan siririyar fatar nan da ke lulluɓe jariri a ciki, a manna a idon da ya ƙone. Wahalar, in ji ta, ita ce ƙwayoyin ba su da lamba a goshi, sun yi kama da maƙwabtansu. Gane su da ware su sai da madubin likita na musamman da hannun da ya koya. Na fita ina neman gafarar direban doya a zuciyata.

Da muka koma, aka ce ta gama horonta, ta tafi Abuja. Muka bi takardarku zuwa Abuja, can aka ce mu gwada ƙasar waje. Ni iyakar ƙasar wajena garin Lafiya ne.

Ga roƙona. A sa wa ma'aikatan ƙofa doka cewa wanda soda ko siminti ya shiga idonsa a fara wanke shi kafin a tambayi sunansa. A tura wani ya bi coci da masallaci da layin masu sabulu a Sabon Gari ya ce musu manja na miya ne. A daina jefa duk farin ido a layin yana. Sannan a tura likita ɗaya ya koyi gane waɗannan ƙwayoyi da dasa su, a kuma ba shi dalilin dawowa. In hakan ya yi nisa, a gaya mana gaskiyar inda ake yi a ƙasar nan, da sunan wanda za mu gani, ba takardar da ke haifar takarda ba.

Allah ya ƙara maka basira, ya tsare maka idanunka biyu.

Labarin irin nan na ji shi daga direba na ƙaryata, na ji daga likita na gaskata. Wadda ta faɗa mini shi a ƙarshe ita ce Rifkatu da kanta, jiya da safe a bayan labule. Ita ce wadda a da ta rantse babu mai kusantar idonta na dama da wuƙa. Ta ce in rubuta maka cewa ta yarda a taɓa shi. Yanzu saura wanda zai taɓa.

Wassalam.

Naka,
Baba Iliya, tsohon malamin firamare,
Jigwada, Keffi.