Maigidana Zai Ajiye Aiki Saboda Gidan Katako a Bakin Tafki

Assalamu alaikum Anti Kamila. Don girman Allah ki taimake ni, ki kuma sakaya sunana. Duk wanda na fara wa maganar nan sai ya ce in yi haƙuri. Haƙurin nake yi, amma bai tsayar da abin da ke tunkaro mu ba.

A Dubai muke zaune, unguwar Al Qusais. Maigidana shi ke kula da sito a wani kamfanin kayan gyaran motoci a Ras Al Khor, ni kuma ba na aiki, a kan bizarsa nake. 'Ya ɗaya Allah ya ba mu, Mahfuza, kuma da sikila ta zo. Sai bayan haihuwarta muka san jininmu bai dace ba, shi ya sa muka tsaya daga kanta. Wanda bai yi jinyar mai sikila ba ba zai gane ba, Anti. Ko dariya take yi, ke idonki na kan fuskarta kina jiran lokacin da za ta ce ƙafarta.

Zafin garin nan kuwa sai wanda ya gani. Fita ba ta yiwuwa, sai zaman esi, esin kuma shi ke tayar mata da ciwo. Shekarar da ta cika tara wani abokin aikinsa ya ba shi labarin wata ƙasa mai duwatsu da mutanen nan suke zuwa gudun zafi. Ba zan faɗi sunanta ba kada a gane mu. Ya ɗauki hutu muka tafi, muka kama hayar wani ɗan gidan katako a bakin tafki. Ɗaki biyu ne da murhun itace, ƙofar sai an sa kafaɗa take rufuwa, ruwan famfo kuma sai ya ga dama. Da farko har raina shi na yi, na ce ashe kuɗin jirgi muka biya don mu zo ƙauye. Amma tunda na haifi yarinyar nan ban taɓa ganin ta da lafiya irin ta wannan hutu ba. Ba zafi ba sanyi. Ko sau ɗaya ba ta yi kukan ƙashi ba. Kumatu suka fito mata. Ta wuni tana bin agwagi da gutsuren burodi, babanta ya ɗauke ta a kwalekwale suna ta ihu, tsohuwar da ke da gidan, wadda ko yarenta ba ma ji, ta riƙa kawo mata madara da ɗuminta.

Muka dawo. Kafin shekara ta zagayo Allah ya karɓi abarsa. A maƙabartar nan ta Al Qusais aka rufe ta.

Maigidana bai yi kuka ba. Ana share makoki ya koma aiki, mutane suna ta yabon tawakkalinsa, ni ma na ɗauka haka ne. Sai a azumin da ya wuce ya ci karo da hoton gidan a intanet. Ashe tsohuwar ta rasu, magada sun sa shi a kasuwa. Tun daga ranar na rasa mijina. Yana dawowa aiki sai waya, daga kallon hotunan gidan sai magana da dillali, sai koyon yaren mutanen. Abinci sai na tuna masa. Ya ce zai ajiye aiki, ya haɗa kuɗin sallamarsa da na filinmu na Kano, wanda shi kaɗai muka mallaka, ya sayi gidan mu koma can. Na ce me za mu ci? Ya ce za mu riƙa ba masu hutu hayar ɗaki ɗaya. Na ce in ƙanƙara ta sauko, masu hutun suka watse fa? Ya ce Allah na nan. Da na matsa, sai ya dube ni ya ce, “Can ne kawai na ji dariyarta ban ji tsoro ba. Ni khalas, na gama da garin nan.”

To ni kuma fa, Anti? Ranar da ya ajiye aiki bizarmu ta mutu, dole mu fita. 'Yata tana nan kwance. Duk Juma'a nakan taka har jikin katangar maƙabartar in yi mata sallama in dawo, da wannan nake rayuwa. Shi kuwa tun ranar jana'iza bai sake bin titin ba, gara ya yi zagaye. Kuma wallahi ba na jin zan iya sa ƙafata a gidan nan. In kwana a ɗakin da ta kwana, in ga agwagin babu ita?

Ba faɗa muke yi ba, da ma faɗan ne da sauƙi. Shiru ne kawai, kowa da kusurwarsa. Yayansa, Yaya Sulaiman, ya kira daga Kano ya ce aikin sammu ne, a nemi magani, tun daga nan maigidana ya daina ɗaga wayarsa. Mahaifiyata ta ce ko in bi mijina ko in dawo gida. Har tunanin neman takardata na yi, sai na tuna duk duniya shi kaɗai ya rage da ya san muryarta kamar yadda na sani. In na rabu da shi da wa zan yi hirarta?

Ya ce ƙarshen watan nan zai sanar da su a wurin aiki. Duk inda na juya asara nake gani. Ki gaya mini abin yi.

Taki,
Uwa mai makoki, Dubai

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar uwata. Allah ya jiƙan Mahfuza, ya sa mai ceto ce a gare ku, ya ba ku ladan jinyar da kuka yi.

Zan fara da abin da ba kya son ji. Mijinki bai haukace ba, kuma ba sammu ba ne. Kukan da bai yi a makoki ba shi ne yake yi yanzu. Ke kin riƙe inda aka ajiye ta, shi ya riƙe inda ta yi farin ciki. Yadda kika kasa tunanin shiga gidan nan, haka shi ma ya kasa bin titin maƙabarta. Ciwo ɗaya ke damun ku, don haka ki daina ganin kamar ya bar ki a baya.

Amma fahimtar dalilinsa bai sa shawararsa ta zama daidai ba. Mutumin da ba ya cin abinci sai an tuna masa bai kamata ya yanke hukuncin da zai cinye aikinsa da filinsa a lokaci guda ba. Gidan da ya sani na rani ne, garin cike da masu hutu, da yarinya a cikinsa. Wanda zai saya babu kowa a ciki.

Ke ma ga naki. Zaman Dubai na baƙo ne, kin fi ni sani. Ko ya ajiye aiki ko bai ajiye ba, akwai ranar da bizar nan za ta ƙare ki bar katangar nan. Ki fara shirya zuciyarki tun yanzu. Addu'ar uwa tana isa ko daga ina aka yi ta.

Ga abin da nake ba ki shawara. Kada ki ce masa a'a, don ƙin sauraronsa ne ya sa ya daina ɗaga wayar yayansa. Ki roƙe shi abu ɗaya: ya nemi hutu maimakon ajiye aiki, ya je ya kama hayar gidan ko makamancinsa a tsakiyar sanyi, ya kwana ya tashi a ciki kafin ya sa hannu a komai. In kin iya daurewa ki bi shi, in ba ki iya ba kada ki tilasta wa kanki. A can ya samu lauya, ba dillali ba, ya tambaye shi ko baƙo yana iya mallakar gida a wurin, kuma ko mallakar tana ba da izinin zama. Filin Kano kuwa ki tsaya kai da fata kada a taɓa shi sai an samu waɗannan amsoshi. Haƙƙinki ne ki faɗi haka, kuma ba rashin biyayya ba ne.

Sannan ki gaya masa zancen Juma'ar nan. Daga wasiƙarki na lura kin tambaye shi abin da za ku ci, amma ban ga inda kika gaya masa abin da ke riƙe da ke ba. Wataƙila yana ganin talauci kawai kike tsoro. Ku kuma nemi likitan da ke duba damuwa, ku biyun, don wannan ya wuce a ce a yi haƙuri. Ku haɗa da istihara.

Maganar takarda ki ajiye ta. Ba a yanke igiyar aure a tsakiyar makoki.

Ba zan yi miki alkawarin zai fasa ba. Yana iya zuwa ya dawo jikinsa a sanyaye, yana kuma iya cewa ya ji ya gani. In haka ta faru, za ki zaɓa tsakanin abu biyu masu ɗaci, kuma duk wanda kika ɗauka ba mai ikon zarginki. Abin da nake roƙo kawai shi ne kada ƙarshen wata ya zo ya same ku ba ku zauna kun yi kukan 'yarku tare ba.

Allah ya sanyaya muku zuciya, ya zaɓa muku abin da ya fi alheri, ya haɗa ku da ita a gidan da ba ciwo.

Anti Kamila