Kwamfutar Ofis Ta Cika, Ni Kuwa Ba Na Iya Goge Komai

Inna Kulu, don Allah ki agaza mini, aikina na neman kuɓucewa. Ni sakatare ne a wata ma'aikatar gwamnati nan Sakkwato, kuma a hannuna aka damƙa kwamfutar cinya guda ɗaya tal da muke da ita. Duk takardun ofis suna cikinta. Kwanan nan faifan ajiyar da ke cikinta ya fara ƙara kamar tsohuwar fanka. Na kai ta wurin Maigandi, mai gyara a Tudun Wada, ya ce faifan mutuwa zai yi, sai a kwashe komai a zuba cikin sabo.

Ofis ya ba da kwangilar sabon faifai. Da ya iso, sai ga shi bai kai tsohon girma ba, ɗan kwangilar kuwa surukin darakta ne, ba a mayar masa da kaya. Duk lokacin da Maigandi ya fara kwafewa, sai abin ya yi nisa ya cije, ya ce babu wuri. Maigandi ya ce dole in rage kaya.

Nan ne matsalar, Inna. Gidan malamai na tashi. Marigayi mahaifina ko guntun takarda ya gani a ƙasa sai ya ɗauka ya soke a jikin katanga, don kada a ce da sunan Allah a jiki. Wasiƙun ofishinmu kuwa kowace da bisimilla take farawa. Ranar da na gwada goge ɗaya, sai kwamfutar ta tambaye ni ko in jefa ta kwandon shara. Kwandon shara fa! Har hotonsa ta nuna mini. Na yi istigfari, tun ranar ban ƙara taɓa wurin ba.

Ban da wasiƙun, ba wani abin kirki a ciki sai hotuna. Duk kantoman da sojoji suka turo mana, nakan yi hoto da shi, a ɗora mini a kwamfutar manya-manya, har ana ganin tauraron kafaɗa. Su ma ban taɓa su ba, don mutum bai san wanda zai dawo ba.

Darakta ya ce in takarda ɗaya ta salwanta, zagon ƙasa ne, kuma kin san zamanin da muke ciki, a rediyo mutum yake jin an sallame shi. Ina da iyali, tsoro nake ji ƙwarai. In goge in saɓa wa Allah, ko in bari in rasa aiki?

Mai Gudun Kwando, Unguwar Rogo

*

Ɗana, na karanta wasiƙarka, kuma ban yi maka dariya ba sai kaɗan. Girmama sunan Allah tarbiyya ce mai kyau, Allah ya jiƙan wanda ya koya maka. Amma ka tuna gidan naku. Allon da kuka yi karatu a kai, ai wanke shi ake yi a sake rubutu, kuma mahaifinka da kansa yake ba da izinin wankewa. Kwandon nan zane ne kawai, ba wanda ya taɓa zuba ɓawon gyaɗa a ciki. In har zuciyarka ba ta kwanta ba, ka je ka tambayi malamin da ka yarda da shi.

Sai dai ba ma sai an kai nan ba. Na tambayi masu kwamfutar gidan jaridarmu, sun ce rubutu ba ya cin wuri. Hoto ɗaya irin naka ya fi wasiƙun shekara guda nauyi. Ba bisimilla ce ta cika maka faifai ba, ɗana, kantomomi ne. Wasiƙarka ta nuna tsoro biyu, ka saka na Allah a gaba, amma na kakin soja ne ya tare wurin.

Ga abin yi. Tun kafin faifan ya mutu, ka kwafe wasiƙun a ƙananan faifai ka kulle a durowa, darakta ba shi da ta cewa. Sannan ka goge hotunan, ka bar Maigandi ya yi aikinsa. Kar ka yi faɗa da surukin darakta, ba za ka ci ba. Tsoffin kantomomin kuwa, ko sun dawo ba za su tuna fuskarka ba.

Hoton kantoma mai ci kaɗai za ka bari, shi ma a ƙanƙance shi. Ka ajiye shi kusa da kwandon, don kada ka sha wahalar nema ranar da rediyo ya tashe mu da kiɗan soja.

Allah ya tsare maka aikinka. A gaida iyali.

Inna Kulu