Kwandon Madam Agnes

Guangzhou, 20 ga Oktoba, 2008

Zuwa ga Kawu Malam Kallamu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Innata Jumai da ɗalibanka. Kasuwa ta fara motsi tun da aka gama wasannin Olamfik.

Kawu, a babban baje kolin garin nan na tsinci wata dattijuwa daga Kanada, Madam Agnes, ta ɓace wa 'yan tawagarta. Na raka ta har masauki. Ta ce su Mi'kmaq ne, 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa. Yanzu ɗan fili kaɗan aka keɓe musu, gidajensu ba su kai ɗari ba, samarinsu duk birni suke gudu. Don su tsayar da yaran a gida suka buɗe shago a bakin titi, suna sayar da kwandunan da suke saƙawa da tsagaggen itace. Injin tsaga itacen suka zo nema.

Da za mu rabu ta ba ni ƙaramin kwando mai murfi, bakinsa an naɗe shi da ciyawa mai ƙamshi. Ta ce irin saƙar kakarta ce. Ɗakina duk ya ɗauki ƙamshin.

Ɗanka, Hadi.

Kano, 3 ga Nuwamba, 2008

Ɗana Hadi,

Wa alaikumus salam. Madalla da kai! Na karanta wa 'yan aji shida wasiƙarka, muka buɗe taswira muka nemo bakin tekun da mutanen nan suke. Shitu, ɗaya daga cikinsu, ya ce shi ma can ƙasar Sin wajenka zai tafi, na ce ya fara cin jarrabawar lissafi tukuna.

Ka tuna abin da nake faɗa muku: ɗan kasuwa idonsa a buɗe yake. Abu mai kyau in ya shigo hannunka, samfur ne. Kai wa masu masana'anta su gani, ka ji ko za su iya yi mana irinsa mu gwada a Kano. Allah ya yi maka albarka.

Kawunka, Kallamu.

Guangzhou, 5 ga Janairu, 2009

Kawu,

Ina gaisuwa. Na daɗe ban rubuto ba saboda kunya.

Na kai kwandon. Lawban, wato mai masana'antar, ya auna shi, ya ɗauki hotonsa gaba da baya, ya mayar mini. Bayan mako uku na koma na tarar da irinsa na roba cike da sito, saƙar kakar Madam Agnes sak. Na ce ina na Kano? Ya ce, "Nijeriya meyo," wai babu mai so. Wani dillali ya saye duka, zai raba wa shagunan tsaraba a Kanada, a yankinsu. Na roƙe shi ya fasa. Ya dafa ni yana dariya, ya ce, "Aboki, kai fa ka kawo samfur."

Kwantenar ta bar tashar jirgin ruwa ta Huangpu ranar Asabar. Guda goma na roba ba su kai kuɗin nasu ɗaya ba. Wa zai ƙara tsayawa a shagonsu?

Madam Agnes ta turo mini gaisuwar sabuwar shekara ta imel, tana ce mini "ɗana". Na kasa amsawa.

Hadi.

Kano, 19 ga Janairu, 2009

Ɗana Hadi,

Ina gaishe ka, kaina a sunkuye. Ni na aike ka. Mace ta ba ka kyauta, ni da na shekara talatin ina koyar da tarbiyya na kira ta samfur.

Da na gama karatun wasiƙarka na cire hular kaina na duba. Ɗinkin inji ce, daga can wajenku. Innarka da ɗinkin hula ta biya maka makaranta, kuma shekara huɗu ke nan ta ajiye allura saboda irin wannan. Ni, wanta, kullum da hular nan nake shiga gidanta, ba ta taɓa ce mini komai ba.

Na faɗa wa 'yan ajina abin da na yi.

Ka rubuta wa Madam Agnes gaskiya duka, har ranar da jirgin ya tashi, ko sa shirya. Ka sa sunana.

Kawunka, Kallamu.

Guangzhou, 10 ga Fabrairu, 2009

Kawu,

Na rubuta wa Madam Agnes, na ce zan mayar mata da kwandon. Sai da ta kwana goma sha ɗaya ta amsa. Ba ta ce "ɗana" ba. Ta ce: "Abin ya yi mana ciwo, kuma zai ci gaba da yi. Ba ma karɓar kyautar da muka bayar. Me mahaifiyarka take yi da hannunta?"

Ina gaida Inna.

Hadi.

Kano, 22 ga Fabrairu, 2009

Hadi,

Na karanta wa Innarka duka wasiƙun. Ta tashi ta ɗauko gwangwanin allurarta. Ta ce ka tambayi matar ko tana da jika namiji, a auno mata kansa. Ta kuma ce idan hular ta iso hannunka, kada ka biya da ita ko'ina.

Ka huta lafiya.

Kawunka.