Bakwai Biyu a Rana Ɗaya

Magama, Jibiya
Ranar Juma'a

Zuwa ga Magaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mai jego Luba da baƙon da Allah ya kawo mana. Yaya jikinta? Yaya ruwan nono? Mu nan lafiya, sai gwiwoyina da ka sani.

Na ga hoton yaro a wayar ƙanwarka. Na ce ta ƙara girmansa har sau uku. Goshin gidanmu ne, kunnuwan kuwa na dangin uwarsa ne, Allah ya sa ya ji magana da su. Shekara tara kuna jira, mu ma muna jira, ko da yake ban taɓa tambayarka ba. Uba ba ya sakin baki da ɗan fari. Alhamdu lillahi. Ranar Talatar nan da albishir ya iso, na bar rumfar hatsi a buɗe, na bi layi ina gaya wa har waɗanda ba su tambaye ni ba.

Za ka yi mamakin takarda alhali ga waya. Abin da ke cikina ba zai fita ta baki ba, shi ya sa na nemo biro. Ka yi haƙuri da rubutun wanda ya shiga ajin yamma da furfura.

Baffanka Yusha'u na Ɗan Issa, can Nijar, ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A Talatar da aka haifi ɗanka, bayan sallar asuba. Na hana a gaya maka don kada a ɓata maka farin ciki.

Ka san shekara arba'in da wani abu muna tare, tun yana kawo awaki kasuwar Jibiya da ƙafa. Abin da ba ka sani ba, mun yi alkawari tun muna da ƙarfi: wanda ya riga wani, ɗayan ne zai yi masa wanka. Ya gaya wa iyalinsa, na gaya wa mahaifiyarka.

Wayata layi ɗaya take ɗauka. Kullum na Nijar ne a ciki da safe, saboda shi. Ranar nan na cire shi na sa na Nijeriya, don in yi wa dangi albishir, Daddara, Riko, Katsina, har na Legas. Na ce Yusha'u ba a yi masa wannan albishir ta waya, gobe zan hau babur in kai masa da bakina. Su kuma can suna ta kira. Matarsa Hasiya ta hana a taɓa shi, ta ce Ummaru na zuwa. Suka jira har azahar, rana ta yi zafi, liman ya ce haƙƙin mamaci ya fi alkawari. Sai da la'asar wani direban Maraɗi ya tare ni da ta'aziyya, ni kuwa ina miƙa masa goron haihuwa.

Na san kwana ba ya ƙaruwa, kuma ko na je ba zan dawo da shi ba. Na gaya wa mutane da yawa haka a zaman makoki. Yanzu da ya zo kaina, ina faɗa, amma zuciyata ba ta zauna ba tukuna. Na gaji, Magaji. Ko zuwa masallaci sai na huta a hanya.

Yusha'u ne ya ɗauke ka a kafaɗa lokacin da kunya ta hana ni. Shi ya kai ka firamare, shi ya kira sunanka a gaban mutane yana yabo. Ranar aurenka shi ya karɓa maka. Duk abin da na so in gaya maka, shi nake gaya wa, ya kawo maka kamar nasa ne.

To, Talata mai zuwa ita ce sunan ɗanka a Kano, ita ce kuma sadakar bakwai a Ɗan Issa. Na juya abin ta kowace fuska, ba ya haɗuwa. Ƙofar iyaka ba ta da tabbas, sai dai babur ta daji, kuma jikina ba ya yin tafiya biyu a rana. Ban sami sadakar uku ba saboda ƙafar ta kumbura. Ka ce ni zan zauna kusa da liman in faɗi suna, kuma na san ka riga ka gaya wa surukanka. Zan ba ka kunya a gabansu, na sani.

Ɗan Issa zan tafi. Ina so in tsaya a kan kabarinsa, in kuma durƙusa wa Hasiya in gaya mata gaskiyar abin da ya hana ni. Mahaifiyarka ta yi kwana biyu ba ta yi mini doguwar magana ba, amma ita ta wanke mini rigar da zan sa. Za ta taho Litinin da ƙanena Zunnuraini, shi zai zauna a wurina. Ragon yana tare da su. Sunan da kuka shirya kai da Luba shi za a sa, kada ku canja saboda wannan takarda.

In Allah ya dawo da ni, Alhamis ina Kano. In kana fushi da ni kana da gaskiya, amma ka bari sai ka aza mini jaririn a cinya tukuna.

Ka gaishe da Luba da iyayenta. Allah ya raya, ya sa mai jin ƙanku ne. Ka sa baffanka a addu'a.

Ni ne mahaifinka,
Ummaru mai hatsi